Me Ma'aikacin Jalingo Yake Ci da Rana?

Kafin ladan ya kira assalatu, hayaƙi ya riga ya tashi a wasu gidajen unguwar Sarkin Dawaki da ke cikin garin Jalingo. Mata masu sana'ar abinci ne suka ɗora sanwa. An tsince wake tun dare, an wanke shinkafa, wata yarinya na jajjage, wata na feraye doya. Zuwa ƙarfe tara an cika manyan kuloli, an ɗaure murafensu da tsumma, an tare Keke Napep, tunda an daɗe da hana achaba a garin.

Kulolin nan ba kasuwa za su ba. Wasu sakatariyar jiha suka nufa, wasu ta ƙaramar hukuma, wasu bakin bankunan titin Hammaruwa da titin Barde, wasu ƙofar Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wasu kuma har Jami'ar Jihar Taraba. A can za a ajiye benci a gindin bishiya ko a jikin katanga, a jera faranti da bokitin ruwa, a zauna jira.

Wajen sha ɗaya masinjoji ke fara fitowa, kowa da kwanon maigidansa da kuɗi a dunƙule a hannu. Can anjima ƙananan ma'aikata su biyo baya. Maganar kullum ɗaya ce: "Mama, sa min na ɗari bakwai, ban da nama." "Hajiya, a ɗan ƙara miya." "Rubuta, sai albashi ya shigo." Akwai kuma waɗanda ba sa fitowa sam. Su ne za ka gani a kan tebur da ledar gyaɗa, ko biskit da lemon kwalba, suna lallaɓa ciki har ƙarfe huɗu.

Tsarin ciyar da ma'aikata da Jalingo take da shi ke nan. Ba wata ma'aikata ce ta tsara shi ba, ba ya cikin kasafin kuɗin kowa, kuma ba a cika ganin wanda ke leƙa tukunyar ya ga abin da ke ciki ba. Amma a kansa lafiyar dubban mutanen da ke riƙe da fayil-fayil na jiha ta rataya.

Garin da ya fi ƙarfin kwanon gida

Har zuwa 27 ga Agustan 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba tsohuwar Jihar Gongola gida biyu, Jalingo fadar masarautar Muri ce da hedikwatar ƙaramar hukuma, ba ta wuce nan ba. Dare ɗaya ta wayi gari babban birnin jiha. Aka kwaso ma'aikata da takardu daga Yola, aka cusa ma'aikatu a duk ginin da ya samu.

A wancan zamanin garin bai da faɗi. Mazaunin Sarkin Dawaki, Majidadi, Turaki, Barade ko Sintali yana iya fita sallar azahar ya zarce gida, ya ci tuwon da aka tuƙa masa, ya koma ofis kafin a neme shi. Wanda bai samu zuwa ba, yaro ya kawo masa a langa. Shi ya sa da aka zo gina ofisoshi, ɗakin cin abinci bai cika zuwa wa kowa a rai ba.

Yau gari ya tsallaka Mayo Gwoi da Lamurde, ya miƙa har Mil Shida, Nukkai, Mayo Dasa da hanyar Kona. Ƙaramin ma'aikaci kuwa inda haya ke da sauƙi yake zama, wato can gefen gari.

Sai ga ranar 29 ga Mayun 2023. A ranar da Gwamna Agbu Kefas ya sha rantsuwa a Jalingo, a ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya sanar a Abuja cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta zarce dubu. Kuɗin keke ya bi sahu. Jihohin Kwara da Edo har rage wa ma'aikatansu kwanakin zuwa ofis suka yi zuwa uku a mako, don a samu sauƙin kuɗin mota. A Jalingo, komawa gida cin abincin rana na nufin hawa keke sau huɗu a wuni maimakon biyu. Mutane da yawa suka haƙura da shi.

Lissafin faranti

A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira dubu 70, daga dubu 30 da aka tsaya a kai tun 2019. A daidai wannan lokacin, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna farashin abinci ya tashi da kusan kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Hatsi ya sauko a 2025, amma farantin mai abinci bai cika bin sa ƙasa ba, domin ita ba hatsi kaɗai take saya ba. Akwai itace ko gas, mai, kayan miya, ruwan 'yan garuwa, kuɗin keke da ladan yaran da ke taya ta.

Mu ɗauka faranti mai yankan nama ɗaya da ruwan leda biyu naira dubu ne. Kwanakin aiki kusan 22 ne a wata. Dubu 22 ke nan, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin wanda ke matakin ƙasa, a kan cikinsa shi kaɗai, ba a zo maganar cefanen gida ba. Magidanci mai 'ya'ya biyar ba zai yi wannan lissafin sau biyu ba. Zai sha koko da ƙosai da safe, ya ɗaure ciki, ya bar kuɗin ya shiga tukunyar dare.

Abin mamaki, a rubuce an san da cikin ma'aikaci. Alawus ɗin abinci tsoho ne a tsarin albashin gwamnati. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alfarmomin ma'aikata kuɗi a 2003, abinci na cikin jerin, tare da gida, mota da masu aikin gida. A 2007 aka dunƙule yawancin alawus-alawus ɗin cikin albashi guda a matakin tarayya. Da zarar kuɗin abinci ya narke cikin albashi, ya tashi daga na abinci. Ya zama na makaranta, na haya, na magani, na bikin 'yar ƙanwa.

Hatta lokacin cin ba a tsayar da shi ba. Dokar ƙwadago ta 1971 ta ce duk wanda zai yi aikin awa shida ko fiye, a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Sai dai dokar ta ware masu aikin mulki da ƙwararru daga wannan tanadi, kuma da yawa daga mazauna ofis suna cikinsu. A aikace, hutun sallar azahar ne ya zama hutun kowa, Musulmi da Kirista. A banki kuwa, inda layi ba ya yankewa, mai karɓar kuɗi na iya kaiwa la'asar bai sa komai a baki ba.

Abin da ke cikin farantin

Shinkafa da miya, shinkafa da wake da mai da yaji, dafa-duka, taliya, tuwon masara, teba, doya soyayya, wani lokaci sakwara. Ka dubi farantin da kyau: kashi uku cikin huɗu abinci mai sitaci ne, sauran mai ne da jar miya. Ganye, in akwai, ɗan kabeji ne da aka barbaɗa don ado.

Ba laifin mai abinci ba ne kaɗai, kuma rashin adalci ne a ɗora mata. Mai saye tudun abinci yake dubawa. Idan ta rage shinkafa ta ƙara zogale, gobe zai koma bencin maƙwabciyarta. Ganye na cin lokaci wajen gyara, ba ya kwana, kuma ba ya cika ido. Ɗanɗano kuma, hanya mafi arha ta samar da shi a babbar tukunya ita ce dunƙule da farin magi da gishiri. Daddawa da busasshen kifi sun fi lafiya, amma sun fi tsada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba zai ci a wuni ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Dunƙulen miya kuwa wajen rabinsa gishiri ne. Wanda ya ci indomi da ƙwai wajen mai shayi da safe, ya ci shinkafa da rana, ya tsaya wajen mai tsire da yamma, ya ƙetare wannan iyaka tun kafin a kawo masa tuwon dare. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin rage gishiri a abinci a watan Maris na 2025, amma takardar da aka ƙaddamar a Abuja tana daɗewa kafin ta iso gindin bishiyar sakatariya.

Hukumar ta duniya ta kuma ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum, sukari kuma kada ya wuce kusan giram 50. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 50 na iya ɗauke da wannan adadin gaba ɗaya. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke kaiwa digiri 40 a Jalingo, akwai masu shan biyu kafin a tashi. Harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo bai kai ya hana kowa ba. Zoɓo da kunun zaƙi da ake ganin sun fi, su ma sau da yawa an cika su da sukari.

Sai maganar mai. Man da aka soya fanke, aka soya doya, aka soya kifi, aka kuma ajiye don gobe, ya yi baƙi ya lalace, kuma illarsa a jijiyoyin jini take sauka. Hukumar NAFDAC ta fitar da ƙa'ida a 2022 da ta taƙaita wani nau'in kitse mai cutar da zuciya zuwa giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Ƙa'idar masana'antu take kamawa. Kaskon suya na bakin titi ba ta kai gare shi ba.

Jihar da ke ciyar da wasu

A nan ne abin ya fi ɗaure kai. Taraba ba jihar da za a ce abinci ya yi mata ƙaranci ba ce. Doyar Mumuye daga Zing da Yorro sananniya ce a duk Arewa. Manyan motoci na lodin doya daga kasuwar Dan Anacha da Wukari zuwa Kudu da Arewa. Kifi na fitowa daga Ibi, Lau da Tella. Shinkafa na nan a fadamun Gassol da Karim Lamido, masara, gyaɗa, riɗi da waken suya a Bali da kewaye, manja a Kurmi, shanu a kasuwar Iware da ke bakin Jalingo. Daga tsaunin Mambilla ake saukowa da fiya, ayaba da ganyen shayin Kakara. Lambunan bakin kogi na ba da alayyahu, yakuwa, kuɓewa, rama da tumatir a rani. Gwamnatin Darius Ishaku ma ta kafa katafaren lambun zamani mai rufi a Jalingo don noman kokwamba da tattasai.

Abincinmu na gado ma bai rasa komai ba. Kunun gyaɗa, wanda mutanen tsohuwar Gongola suka fi kowa iya damawa, na riƙe ciki har azahar. Faten doya da ganye, faten wake, ɗanwake, alala, dambu, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar taushe, kindirmo marar sukari, awara: duk wanda ya karanci ilimin abinci zai ce maka waɗannan sun fi farar shinkafa da lemo nesa ba kusa ba, kuma yawancinsu sun fi arha.

To me ya hana su shiga ofis? Wani ɓangare raini ne. An ɗauki shinkafa da kaza a roba abincin wayayyu, an ɗauki kwaɗo abincin ƙauye ko na mata. Namiji mai babban muƙami zai ji nauyin a gan shi ya sauko daga mota riƙe da kular abinci. Ga kuma kunyarmu ta gado, cewa babban mutum ba ya ci a bainar jama'a. Don haka darakta yakan aiki masinja, ya rufe ƙofa ya ci. Sakamakon wannan ɗabi'a ya fi yadda ake zato girma: mutumin da ke da ikon sa hannu a gyara wurin, bai taɓa tsayawa a wurin ba. Bai ga ruwan da ake wanke farantinsa da shi ba.

Inda sakamakon ke fitowa

Bincike-binciken lafiya da dama sun nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba sai ranar da suka faɗi. Masu ciwon sukari sun kai miliyoyi. Aikin ofis na tara abubuwan da ke kawo waɗannan cututtuka wuri guda: zama awa takwas, gishiri, mai, sukari, damuwar bashi, da cin abinci mai nauyi da dare a kwanta a kai. Duk wanda ya daɗe a aikin gwamnati ya san takardar karo-karo da ke zagaya ofis don abokin aikin da ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda aka ce sai an riƙa wanke masa ƙoda.

Ciwon da ma'aikata suka fi kuka da shi kuwa shi ne olsa, kuma kusan kowa yunwa yake ɗora wa laifi. Likitoci sun ce ba haka abin yake ba. Tun farkon shekarun 1980 wasu likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar na yaɗuwa inda tsabtar ruwa da abinci ta yi ƙaranci. Sanadi na biyu shi ne yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac. Yunwa tayar da raɗaɗin take yi. Ma'aikacin da ya wuni bai ci ba, kansa ya sara, ya haɗiyi ƙwaya a kan cikin da ba komai, ya tara wa kansa biyu.

Aikin ma yana ji a jikinsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya je neman sa hannu a ma'aikata bayan ƙarfe biyu ya san amsar: "Ya ɗan fita." Sau da yawa neman abinci ya fita, kuma idan har ya kai gida, ba lalle ne ya dawo ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta wallafa wani nazari a 2005 da ya kiyasta cewa rashin ingantaccen abinci a wurin aiki na iya rage yawan aikin da ake yi da kusan kashi 20 cikin ɗari.

Ruwa, ƙuda da ɓera

Kafin a kai ga cutar da ke ɗaukar shekaru, akwai mai kamawa yau. Bokiti biyu ne a yawancin wuraren, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraya, kuma ruwan da aka zuba da hantsi shi ne har a tashi, domin kowace jarka kuɗi ce. Abincin da aka sauke ƙarfe takwas, idan ya kai ƙarfe biyu a cikin wannan zafi ba tare da an ɗumama shi ba, ya fara juyawa. Wanda ya zo da nasa daga gida ma bai tsira ba, tunda ofisoshi kaɗan ne ke da firji, kuma ko akwai, sai da wuta. Taifot da amai da gudawa ta nan suke shigowa.

Taraba kuma na cikin jihohin da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa ke ambata kusan kowace shekara a sahun gaba wajen zazzaɓin Lassa, tare da Ondo, Edo da Bauchi. Ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci. Ɗakin ajiyar tsofaffin fayil da ragowar abinci a kwandon shara kuwa, masauki ne mai kyau ga ɓera.

Dattawa na tuna zamanin duba-gari, lokacin da jami'in tsabta ke buɗe randa ya leƙa, ya kuma ci tarar mai gida. Jami'an suna nan har yau a ƙananan hukumomi, amma ba su da yawa, kuma masu abinci sun fi sanin mai yankar rasit na haraji fiye da mai duba lafiyarsu.

Zuba abinci mai zafi a leda ko a farar robar tekawe shi ma ya zama ruwan dare. Jihar Legas ta haramta irin wannan farar roba a watan Janairun 2024.

Yadda wasu suka ɓullo wa abin

Ba mu kaɗai muka taɓa fuskantar wannan ba. Tun 1956 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da shawarar a tanadar wa ma'aikata wurin cin abinci. Dokar masana'antu ta Indiya ta 1948 ta ba da ikon tilasta wa masana'antar da ke da ma'aikata fiye da 250 buɗe ɗakin abinci. Faransa ta ba tikitin abinci gurbi a doka a 1967: ma'aikaci ya biya wani kaso, wanda ya ɗauke shi aiki ya biya sauran, a ci a duk gidan abincin da aka amince da shi. Barazil ta kafa shirin ciyar da ma'aikata a 1976, inda ake sassauta wa kamfani haraji idan ya ciyar da mutanensa, kuma sama da ma'aikata miliyan 20 ke cin gajiyarsa.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na birnin Mumbai. Tun wajen 1890 ake da masu dakon kwanon abinci, da ke karɓo girkin gida da hantsi su kai wa mai shi ofis, su mayar da kwanon da yamma. Kafin annobar korona, mutum kusan dubu biyar ne ke kai kwano wajen dubu 200 a kullum, da keke da jirgin ƙasa, ba tare da sisin gwamnati ba. Jalingo kuwa ba ta kama ƙafar Mumbai a girma ba. Mai Keke Napep ɗaya da zai zagaya gidaje ashirin a Sarkin Dawaki da Majidadi da ƙarfe sha biyu, ya sauke kwanuka a sakatariya, ya samu sana'a, magidanta ashirin kuma sun ci girkin gidansu.

"A ba mu kuɗinmu a hannu"

Da ka kawo maganar gwamnati ta ciyar da ma'aikata, martanin farko da za ka ji ke nan, kuma ba maganar banza ba ce. 'Yan ƙwadago sun fi son duk abin da za a bayar ya shiga albashi, domin shi ne ke zuwa gida, shi ne kuma ake lissafa fansho da shi. Suna tsoron a yanke musu kuɗi da sunan abinci, a ba wani ɗan lele kwangila, wata uku abinci ya lalace, wata shida a rufe wurin, yankan kuma ya ci gaba.

Suna da abin nunawa. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 a kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka mayar 100, ya sha ƙorafin jinkirin biyan masu dafawa da ƙanƙantar abinci, har aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi a Janairun 2024.

Shugabannin ma'aikatu nasu uzurin kuɗi ne: kuɗin gudanarwa bai isa takarda da man janareta ba, balle tukunya. Masu abinci kuma tsoronsu daban. Sun san cewa ranar da aka gina ɗakin cin abinci mai tayil da fanka, ba su za a ba ba. Za a kore su daga gindin bishiyar da suka shekara goma suna ciyar da mutane, a ce suna ɓata wuri.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a taro. Jalingo gari ne na Fulani, Mumuye, Kona, Hausawa, Jukun, Jenjo, Wurkun, Tibi, Kuteb, Chamba, Mambilla da sauransu, Musulmi da Kirista. Wani zai tambayi wa ya yanka naman. Wani yana azumin Litinin da Alhamis, wani yana na Lent. Wani kuma, a ofishin da ake rububin kujera, ba zai taɓa cin abin da bai san hannun da ya bi ba, don tsoron sammu. Tukunya ɗaya ga kowa ba za ta yi aiki a nan ba. Mutum ya fi yarda da matar da ya saba da ita, ya san gidanta, ya san mijinta.

Kuɗin lemo da mitfai

A ganina wannan ne ya sa bai kamata a fara da gini ko kwangila ba. Masu dafawa suna nan, amana tana nan tsakaninsu da masu saye. Abin da suka rasa ƙanana ne: rumfa, famfo ko tankin ruwa, wurin wanke hannu da sabulu, kwandon shara mai murfi, gwajin lafiya sau biyu a shekara, da horon kwana ɗaya ko biyu daga malaman abinci na asibitocin garin kan rage gishiri da sauya mai. Ma'aikata ta ba da wuri da ruwa kyauta, ita kuma mai abinci ta ɗauki sharaɗi: kowane faranti da ganye, wake ko kifi, kuma a samu abincin gargajiya aƙalla iri ɗaya kullum.

Kuɗin farawa ma ba daga sama zai faɗo ba. Kusan kowane mako ana taro a wata ma'aikata ko otal a Jalingo, na bita, na kwamiti, na ƙungiyoyin agaji. A ƙarshen kowanne ana raba leda mai mitfai, fanke, yankan kaza da lemon kwalba. Wannan abinci ne da hukuma ke saya da kuɗinta, ita ke zaɓar abin da za a sa. Har taron wayar da kai kan ciwon sukari akan rufe shi da lemo, ba wanda ya ga abin dariya a ciki. Takardar umarni ɗaya daga ofishin shugaban ma'aikata ta isa ta mayar da ledar nan ta zama ta alala, dafaffiyar gyaɗa, ayaba, kankana da ruwa, a kuma saya daga matan gari.

Sai bashi, wanda shi ne ke karya masu abinci. Littafin "rubuta" na cika, albashi ya yi jinkiri, wani a yi masa canjin wurin aiki zuwa Gembu ko Takum ya tafi da kuɗinta. Ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata sun riga sun iya wannan aikin: suna ba da buhun shinkafa, ragon layya da kayan Kirsimeti, su riƙa cira daga albashi kaɗan-kaɗan. Idan mutum talatin a sashe ɗaya suka yi rajistar abincin wata da mace ɗaya ta hannun ƙungiyarsu, ita ta san adadin da za ta dafa, ta sayi wake da doya a sari ranar kasuwa, asara ta ragu, farashin faranti ya sauko. Wanda ba ya so, ba dole.

Inda wannan dabarar ba ta kai ba shi ne wajen waɗanda sunansu ba ya cikin takardar albashi: masu gadi da masu shara da kamfanonin kwangila suka ɗauka, ma'aikatan wucin gadi, ɗaliban da ke koyon aiki, da direbobin da ke wuni a mota suna jiran oga ya fito daga taro. Su ne suka fi kowa daɗewa a harabar ofis, su ne kuma ba su da ƙungiyar da za ta tsaya musu. A yanzu abincin ranarsu ya dogara ne ga ragowar kwanon da masinja ya fito da shi, ko ga mai abincin da ta ga dama ta kankare musu ƙanzo kafin ta ɗaure kulolinta.